Man Kaɗe a Keken Fatsa

Rannan jikata ta shigo da wani keken fatsa sabo fil a cikin kwalinsa, ta ɗora min a cinya wai in gani. Keken fatsa shi ne abin nan da ake maƙala wa sandar kamun kifi a gindi, mai nannaɗe zare in ka juya hannunsa. Mu a gidan nan keke muke ce masa, don kukansa ya yi kama da na keken ɗinki. Na juya shi, na sake juyawa, ina neman inda ake kwance shi, ban samu ba. Na kai shi kunne na murza hannun, shiru, ko ƙis. Na ce, "Ke, ta ina ake zuba masa mai?" Ta amsa da Turanci, yadda duk suke amsawa, uwarta ta juya min da Hausa, wai irin wannan ba a buɗe shi, in ya gaji sai a yar a sayo wani. Na miƙa mata abinta. Na daina faɗa a kan abin da ba zai gyaru ba, amma wunin nan abinci bai shiga ba sosai. Abin da ba a buɗewa, ba a wankewa, ba ya kuka, ta yaya mutum zai san ko yana da lafiya?

Ni 'yar bakin ruwa ce. Can inda aka haife ni, a gaɓar kogin Kwara wajen Yawuri, ba agogo ke tashinmu ba, ƙarar filafili ce a jikin kwalekwale bayan an idar da asuba, da muryoyin maza suna kiran juna a kan ruwa. Sai hayaƙin banda ya tashi daga bayan kowane gida, ya shiga zane, ya shiga kitso, har in mun je kasuwa 'yan tudu su ce ga masu ƙamshin kifi sun iso. Aikin yarinya a gidan masunci ba ya ƙarewa. Ki tsince ciyawa da ƙaya daga jikin taru, ki shanya shi, ki kankare kifi, ki feɗe, ki jera a kan banda, sannan da la'asar a zube miki kayan ƙarfe a gabanki: ƙugiyoyi, wuƙaƙe, mashin suka. Ki goge su da toka da yashi mai laushi, ki tsane su, ki shafe su da man kaɗe. Man kaɗe shi ne maganin komai a gidanmu. Da shi ake shafa ƙarfe, da shi ake shafa kaushin ƙafa, da shi ake shafa cibiyar jariri. Babanmu yakan bi ƙugiyoyin nan ɗaya-ɗaya da babban yatsa, in ya ji tsatsa ko ɗan kaɗan, ba ya duka, ba ya zagi, sai dai ya ce, "Wadda ta yi wannan aikin ta sake shi kafin ta sa hannu a tuwo." A lokacin muna ganin tsanani ne. Yanzu ina kallon yara suna barin cokali a ruwa har gari ya waye, babu mai ce musu kanzil, sai in ji ina son in sake jin muryar nan ko da a kaina faɗan zai sauka.

Malam, maigidana, shi ma masunci ne ɗan masunci. Ɗanmu na fari, wanda ba na faɗin sunansa, shi ne ya ƙi ruwa ya bi boko, ya yi ta bi har jirgi ya ɗauke shi. Da matarsa ta samu ciki na biyu, ga aikin asibiti ya sha mata kai, sai ya aiko mu zo. Aka sauke mu a wani gari wai shi Bowie, unguwa mai manyan gidaje da ciyawa a share kamar an aske ta da aska, amma babu mutum ko ɗaya a waje. Kowa daga gida sai mota, daga mota sai gida. Ƙofar gareji ta ɗaga da kanta, ta haɗiye mutum da motarsa, ta rufe. Ni na samu abin yi tun ranar farko, ga jego, ga goyo, ga tukunya. Malam kuwa babu abin da aka ajiye masa sai kujera da taga. Mutumin da bai taɓa wuni bai jiƙa ƙafa ba, ga shi cikin safa a kan kafet. Masallaci sai ran Juma'a in yaron ya samu sarari. 'Yan'uwanmu Hausawa suna can Sterling da Springfield, ziyara ɗaya sai an ci rabin wuni a hanya. Ina kallonsa yana raguwa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya daina gyara min magana, ya daina cewa gishiri ya yi yawa, to a nan na san abin ya kai inda ya kai.

Wata safiya ina dama koko sai ya ce, "Ke, 'yar Sarkawa." Haka yake kirana in maganar mai nauyi ce ko in yana son tsokana, kuma ran nan ba tsokana ba ce.

Na ce, "Na'am, Malam."

Ya ce, "Na gaya wa yaron nan ya nema min tikiti. Da sanyin nan nasu ya wuce, zan koma gida."

Na ce, "To ni fa? In bar yarinyar mutane da jariri a hannu, ta kai shi gidan raino wajen waɗanda ba su san wankan jego ba?"

Ya ce, "Ban ce ki bar ta ba. Ki zauna. Ni dai ba zan mutu ina kallon ciyawa ba."

Ya jawo tsohuwar jakarsa daga ƙarƙashin gado ya fara jera kaya tun daga ranar, alhali sanyin ko farawa bai yi ba. Ni kuwa na san abin da shi bai faɗa ba. Ƙannensa sun rasu, gidan can babu mai dafa masa, idonsa ya fara yana, kuma in ya shiga jirgin nan ba tare da ni ba, to mun yi sallamar duniya ke nan. Tafiya tare kuma ba ta yiwuwa. Na rasa inda zan sa kaina, amma ban yi kuka a gabansa ba. Ba a haka aka rene ni ba.

To akwai wani tsoho a gidan da ke fuskantar namu, baƙar fatar ƙasar nan, dogo mai farin gemu, matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune. Dogo muke ce masa a tsakaninmu. Shi kaɗai ne a layin nan yake barin ƙofar garejinsa a buɗe, ya zauna a kan kujera da wasu 'yan ƙarafa a gabansa yana gogewa, ga sandunan kamun kifi a jingine a bango. Ina wanke-wanke ina kallonsa ta tagar kicin, na kuma lura cewa duk lokacin da abin hannunsa ya yi ƙarrr, sai Malam ya gyara zama a tasa tagar. Na soya funkaso, na yi miyar taushe, na rufe a kwano na ce wa surukata ta kai wa maƙwabci. Ta ce, "Inna, nan fa ba a yin haka, sai ya ɗauka wani abu muke nema." Na ce, "Ai wani abu muke nema. Ɗauki ki kai." Washegari Dogo da kansa ya ƙwanƙwasa ƙofa da kwanon a hannu. Da aka buɗe murfin, keken fatsa ne a ciki. Ya nuna Malam, ya nuna garejinsa. Ashe shi ma ya daɗe yana ganin mai kallonsa.

Haka aka fara tsallaka titi. Ba su da yare ɗaya, amma suna wuni. Ni ba na shiga garejin namiji, sai dai in kawo shayi in tsaya daga bakin ƙofa a bayan Malam, goyo a bayana, idona a kan hannun Dogo. Hannun nan ya riga ya gaji, gaɓoɓin sun kumbura, sukuru yakan kuɓuce masa ya gangara ƙarƙashin mota. Shi kuma Malam yatsunsa sun yi kauri da jan taru, ga yanar ido. In ƙaramin abu ya faɗi, su biyun su yi ta lalube, ni kuwa tun daga ƙofa na ga inda ya tsaya, sai in nuna da ƙafa. Ba a daɗe ba 'yar Dogo ta zo daga kudu ta ce za ta tafi da ubanta, gidan za a sayar. Ranar wata Asabar Dogo ya kira ɗana ya yi tafinta, ya ce sandunan nan da akwatin kekuna duka ya bar wa Malam.

Malam ya daɗe yana kallon sandunan a jingine. Can ya ce wa yaron, "Tambaye shi, wacce ce babba a cikinsu?"

Yaron ya ce, "Baba, wadda ta fi tsawo kake nufi, ko wadda ta fi ƙarfi?"

Ya ce, "Kai, wadda ta riga zuwa duniya. Zan kai su gidana in jingine su haka nan, ƙane a gaban wa? A gidanku haka ka ga ana zama?"

Da aka juya wa Dogo maganar sai ya yi dariya har da tari, sannan ya share ido ya ja kujera. Shi ma ba shekara ya riƙe ba, labari ya riƙe, irin namu. Ya ɗauko wata ta ƙarfe mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, ya ce ta mahaifinsa ce, ya buɗe ido ya gan ta a bayan ƙofa. Malam ya karɓa da hannu biyu ya ce, "To wannan uba ce." Sai wata ta gora, wadda aka tsaga gorar aka sake manne ta mai kusurwa-kusurwa, launinta kamar zuma, ya ce ƙanen mahaifinsa ne ya saye ta da ya dawo daga babban yaƙi. Malam ya ɗaga kai. Ya ce, "Tambaye shi, yaƙin da aka kwashi mutanenmu zuwa Bama?" Aka ce shi ne. Malam ya ce, "Mahaifiyata ta ce ina goye a bayanta ranar da mutanen Bama suka dawo." Ya shafa gorar tun daga gindi har tsini, ya ce, "Ashe sa'ata ce. Sannu, sa'a. Ke ma kin sha hanya." Daga nan sai wata mai kauri, ba itace ba ba ƙarfe ba, wani abu ne kamar gilashi kamar roba, Dogo ya ce ita ya saya shekarar da ya yi aure. Malam ya lanƙwasa ta ya sake ta, ta miƙe tana kaɗawa. Ya waiwayo ƙofa ya ce, "Ga taki sa'ar nan. Nauyi, taurin kai, ba ta karyewa." Na ce, "Ai shi ya sa ta kai yau." Auta kuwa wata baƙa ce siririya, ba ta fi kara nauyi ba, 'ya'yan Dogo suka saya masa da ya bar aiki.

Akwai waɗanda ba su da labari, waɗanda ya saya a hannun wasu, su sai an duba jikinsu. A nan ya koya mana, ni dai ya koya wa, ko da yake Malam yake kallo. A duba gaɓar da sanda ke haɗewa: in bakin ƙarfe ne mai sheƙi, tsohuwa ce, in jikin sandar ne ke shiga jikin 'yar'uwarsa ba ƙarfe, yarinya ce. A duba zobban da zare ke bi: na tsofaffi akan samu ɗan jan dutse a ciki kamar tsakiyar wuya, ko waya murɗaɗɗiya wadda zare ya ci ya yi mata hanya. A duba zaren da aka ɗaure zobban da shi, ko siliki ne, ko fentin kansa ya tsattsage kamar bakin tafki da rani. A duba marikin, irin itacen nan mai laushi na murfin kwalba: in ya yi baƙi ya lotsa daidai inda babban yatsa ke zama, to mutum ya tsufa a kanta. Har sansana su nake yi. Rubutun jikinsu ban san shi ba, kuma yawancinsa ya goge. Ɗana yakan duba a kwamfuta, wani lokaci ta yarda da ni, wani lokaci ta ce na yi gaba ko na yi baya. Malam ya sa aka kafa ƙusoshi a bangon garejinmu, uba a sama, auta a ƙasa, kowa da mazauninsa. Ta ƙarfen ba a taɓa fita da ita ba. Ya ce ba a aiken dattijo.

Dogo ya tafi, sanyi ya shigo. Jakar Malam tana nan a ɗaure, tikiti kuma yaron yana ta ja masa rai, yau aiki gobe aiki. Malam ya ce shi bai fasa ba, amma kafin ya tafi yana son ya jefa sa'arsa, gorar nan, a kogin nan nasu sau ɗaya, ya ga ko ruwan ƙasar nan ruwa ne. Ni kuwa a kan wannan fita ɗayar na ɗora duk abin da nake da shi. Kekunan akwatin yawancinsu sun ƙage, sai na kwaso su kicin. In yara sun yi barcin rana, in shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, in kwance keke ɗaya, duk abin da na cire in ajiye shi kusa da wanda ya riga shi fita, daga dama zuwa hagu, don in na zo mayarwa in biyo layi da baya. Ciki kuwa abin tausayi: tsohon giris ya daskare ya zama kamar ƙanzo, ga yashi, ga gishiri ya yi kore a jikin tagulla. In jiƙa 'yan faifan nan masu haƙora a kananzir, in bi su da tsohon burushin haƙori da tsinken sakace, in tsane, in shanya a bakin hita, abin ɗumama ɗaki. Akwai wani ɗan sifirin, 'yar waya murɗaɗɗiya da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, shi ke sa keke kuka. In ya yi tsalle, sai in hana kowa motsi a kicin ɗin har in gan shi. Malam yana zaune a gefe yana ba da umarnin abin da bai gani ba. "A hankali, kada ki matse." Na ce, "Malam, ko za ka karɓa?" Ya ce, "Ni mai kamawa ne, ke mai wankewa." Rabon da in ji ya mayar min da magana haka, na manta.

Saura mai. Dogo ya bar mana wani gwangwani na giris ɗinsu, shuɗi, na buɗe na sansana, na ji wari kamar na tashar mota. Surukata ta ce, "Inna, ai shi aka yi domin abin." Na ce, "Wannan ƙazantar zan sa a hanyar abin da za mu ci? Ƙarfe dai ƙarfe ne, ko na wace ƙasa." Ina da man kaɗe da na taho da shi daga gida a cikin roba, mai kyau, na hannun ƙanwata. Malam ya ce, "Sa na gida. Ubanki da shi ya tsufa." Na narka shi, na bi kowane haƙori da gashin kaza, na mayar da komai mazauninsa. A cikin ɗumin kicin ɗin nan, wallahi, in ka murza hannun keken ka saki, sai ya yi ta juyawa shi kaɗai yana ƙarrr kamar ba zai tsaya ba. Gidan duka ya ɗauki ƙamshin gidanmu na can.

Ranar fita, sanyi ya fara ja da baya amma itatuwa ba su yi ganye ba. Yaron ya samo mana takardar izinin kamun kifi, don a nan ko kogi sai da izini. Muka ɗora kaya a bayan mota, muka yi tafiya har bakin kogin Potomac. Da Malam ya ga ruwan, faɗinsa, launinsa na ƙasa-ƙasa, sai ya cire safar hannu ya tsuguna ya taɓa. Akwai wasu masu fatsa a jere a gaɓa. Ya ɗaura keke a jikin sa'arsa, ya sa tsokar kifi a ƙugiya, ya yi bismilla, ya wurga. Dalmar da ke bakin zaren ta faɗo tim a gaban ƙafarsa. Zare bai fita ba ko kamu ɗaya. Ya murza hannun, ya ƙi. Aka ɗauko wani keken, shi ma haka. Wani, haka. Na buɗe gefen ɗaya da sukuddireba, na ga man nan ya yi fari ya sandare kamar sabulu. Mutanen gaɓa suna satar kallonmu. Yaron ya ce, "Inna, na ce da kun bari..." Na dube shi, ya haɗiye sauran. Malam ya jingine sandar ya ce, a hankali, "Ku tashi mu tafi. Ruwan nan ba nawa ba ne."

Na ce, "Ba inda za mu."

Na kwance keken daga jikin gorar, na buɗe rigar sanyi, na cusa shi cikin zanena a jikin fata, na rungume hannu na zauna a kan dutse. Sanyin ƙarfen ya shiga har ƙashina. Malam ya ce, "Me kike yi haka a gaban mutane?" Na ce, "Kwanci nake yi. Ka taɓa ganin an tashi kaza daga kan ƙwai?" Yaron ya juya baya yana danne dariya. Na zauna har na ji ƙarfen ya zama ɗumin jikina, na fito da shi na murza, ya yi ƙarrr. Na ce, "Maza, kafin ya huce." Ya ɗaura da sauri, ya ja baya, ya wurga. Zaren ya tafi, ya tafi, keken yana kuka, har dalmar ta faɗa can tsakiyar ruwa. Na ga kafaɗarsa ta sauka.

Muka zauna jira, iska tana kaɗawa, ni kuwa na san man yana can yana komawa yadda yake. Can sai tsinin gorar ya sunkuya, ya sake sunkuyawa, sannan ya lanƙwashe gaba ɗaya. Malam ya miƙe ya kama hannun keken, ya juya kaɗan, ya tsaya cak. Gorar tana ƙara, tsohuwa ce, ba za ta jure ba. Sai ya cusa min ita a hannu ya ce, "Riƙe ta, sassauta mata!" Ya taka cikin ruwan sanyin nan da takalminsa har gwiwa, ya cafke zaren da hannu, ya fara ja yana saki, yana ja yana saki, yadda ake yi da mamari, doguwar igiyar ƙugiyoyi, a gida. Yaron yana ihu, "Baba, zai yanke ka! Baba, fito!" Shi kuwa da kifin yake magana: "Zo mana, ɗan gidan wa? Ka san da wa kake yi?" Ni ina bayansa ina tattara zaren da yake zubarwa don kada ya harɗe masa ƙafa, ba wanda ya ce in yi, hannuna ne ya tuna. Na ɗan lokacin nan ban san a wace ƙasa nake ba. Da ya jawo shi gaɓa, tarwaɗa ce, shuɗiya-shuɗiya, kanta ya fi ƙwaryar dama fura. Mutanen gaɓa suka taso suna tafi. Zaren ya tsaga masa tafin hannu, jini yana zuba, shi kuwa yana dariya, duk haƙoransa a waje.

A mota na ɗaure masa hannun da gefen ɗankwalina. Ya ce, "Man nan naki ya kusa kashe min sa'a."

Na ce, "Man ba shi da laifi. Ƙasar ce ba ta san shi ba. Kuma wa ya ce sa na gida?"

Ya ce, "To na ji. A wanke su duka a sa shuɗin nan na Dogo, kafin Asabar mai zuwa. Wannan da muka kama yaro ne, iyayensa suna can ƙasa."

Na ce, "Asabar mai zuwa kana nan ke nan?"

Ya juya yana kallon taga. Ya ce, "Ke dai wanke."

Na wanke. Har yau ina nan a kan bakana cewa man kaɗe ya fi, amma na sa shuɗin. Jakar ta ɗan ƙara kwana a ɗaure don kada a ce ya sauko da wuri, sannan wata rana na ga rigunan sun koma cikin kabad. Shekarun da suka biyo baya su ne nake kira ƙuruciyarmu ta biyu, kuma ta fi ta farkon saurin wucewa. Duk Asabar ko dai kogi, ko kuma yaron ya zaga da shi wajen masu baza tsofaffin kaya a ƙofar gareji, ya dawo da wata sanda ya miƙo min ya ce, "Duba min baƙuwar nan, ina ne mazauninta?" In duba gaɓa, in duba zobe, in sansana, in ce ƙanwar sa'arka ce amma ta girmi tawa, sai a matsa ƙusa. In an dawo daga ruwa, ba a cin abinci sai na ɗauraye kekuna da ruwan famfo, na sassauta su, na tsane. Muka yi banda a bayan gida a cikin abin gashin namansu, har mutanen Sterling suna aiko da kwano. Jaririn nan da na zo jegonsa ya yi wayo, ya shiga makaranta, ya fi ni tsawo, duk Malam yana nan yana cewa gishiri ya yi yawa.

A nan ya cika, da rana tsaka, bayan gajeriyar jinya. A nan aka yi masa sutura, a wata maƙabartar Musulmi da ke bayan gari, a ƙasar da ya ce ba zai mutu yana kallon ciyawarta ba. Kwara bai sake ganinta ba. Nakan tuna wannan in ina zaune, ba na kuma cewa da na sani, don na ga dariyar da ya yi a bakin ruwan nan, na kuma san shekarun da ta saya mana. Sai dai garejin ya yi shiru. Sandunan suna mazauninsu, in sanyi ya fara ja da baya ina sauke kekunan in buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ko da yake idona ni ma ya fara gajiya, kuma babu mai ce min kada in matse.

Kwanan baya yaron ya same ni a kicin da tire a gabana. Ya zauna, ya yi ta juya hularsa, sannan ya ce, "Inna, yara sun girma, kin yi mana abin da ba za mu iya biya ba. In kina son gida, zan kai ki da kaina. Ki ga ruwa, ki ga 'yan'uwa, ki huta."

Allah ya sani ina son gida. Ina son in ji filafili da asuba ko sau ɗaya kafin in bi shi. Na ɗauki lokaci ina goge abin da ya riga ya gogu.

Na ce, "Da ya ce zai tafi ya bar ni a nan, ban yarda ba. Yanzu ni ce zan tafi in bar shi?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ɗaga ƙafarka, sukuru ya faɗi a wajen nan."